Gudanar da wuraren shaƙatawa da masaukan hutu

Gudanar da wuraren shaƙatawa da masaukan hutu reshe ne na ilimin karɓar baƙi da yawon buɗe ido. Yana koyar da yadda ake tafiyar da filin wasanni, gidan namun daji, ko otal ɗin hutu a matsayin kasuwanci mai ɗaukar nauyin kansa. Ɗalibin wannan fanni yana koyon tsara farashi, lissafin riba da faɗuwa, kula da ma'aikata, gyaran injina da gine-gine, talla, da kiyaye lafiyar masu ziyara. A Najeriya ana koyar da shi a kwalejojin kimiyya da fasaha, da wasu jami'o'i, da kuma Cibiyar Horar da Ma'aikatan Karɓar Baƙi da Yawon Buɗe Ido ta Ƙasa, wato NIHOTOUR, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano.

Babban abin da ya bambanta wannan sana'a da sauran kasuwanci shi ne, yawancin kuɗin da ake kashewa ba ya raguwa ko da baƙi ba su zo ba, alhali cinikin yana taruwa ne a 'yan kwanaki ƙalilan na shekara. Saboda haka wurare da yawa da aka gina da maƙudan kuɗi sukan durƙushe bayan 'yan shekaru, ba don rashin kyau ba, sai don rashin tsarin gudanarwa.

Suna da ma'ana

Hausa tana amfani da kalmar "wurin shaƙatawa" ga wurare iri-iri, amma masu wannan fanni sukan raba su gida uku.

Filin wasanni shi ne wurin da aka tara lilo, motocin wasa, jirgin ƙasa na yara da makamantansu, mutum ya biya ya hau, ya koma gida a ranar.

Wurin shaƙatawa mai jigo shi ne filin wasannin da aka gina komai nasa a kan labari ko manufa guda, kamar tarihi, tatsuniya, ko taurarin wani fim. Gine-ginensa, tufafin ma'aikatansa, har abincin da ake sayarwa duk suna bin wannan jigo. An aro kalmar "jigo" ne daga nazarin adabi, inda take nufin saƙon da labari ya ginu a kai.

Masaukin hutu kuwa otal ne da baƙo ke zuwa domin wurin kansa, ba don wata hidima da ta kawo shi gari ba. Yawanci yakan kasance a bakin tafki, kan dutse, ko cikin daji, kuma yana haɗa ɗakin kwana da abinci da abin nishaɗi a harabar guda.

Tarihi

A duniya

Wuraren wasanni na biyan kuɗi sun samo asali ne daga lambunan hutu da kasuwannin bukukuwa na Turai. Lambun Tivoli da ke birnin Kwapanhagan na ƙasar Denmak an buɗe shi a 1843, kuma yana aiki har yau. Salon wurin shaƙatawa mai jigo ya shahara ne bayan Walt Disney ya buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a Amurka, ranar 17 ga Yuli, 1955.

Karatun sana'ar ya fara ne daga ɓangaren otal. An kafa makarantar koyon aikin otal ta Lausanne a ƙasar Suwizalan a 1893, sannan Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara koyar da gudanar da otal a 1922. Masu filayen wasanni na da ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai suna IAAPA, wadda tushenta ke komawa 1918, kuma tana shirya kwasa-kwasai ga manajoji. A Afirka, Kwalejin Utalii da ke Nairobi ta ƙasar Kenya, wadda aka buɗe a 1975, tana cikin sanannun makarantun wannan fanni.

A ƙasar Hausa

Karɓar baƙo don riba tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fatake sukan yada zango a bakin gari, kuma a manyan kasuwanni akwai fatoma, wanda ke sauke baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya kuma sama masa masu saye, ya sami la'ada. Ta fuskar nishaɗi, gidan dambe ya daɗe yana aiki da tsarin biyan kuɗin ƙofa, inda mai gida ke ɗaukar nauyin 'yan wasa da makaɗa daga abin da aka tara.

Wuraren shaƙatawa na zamani a Arewa galibi gwamnati ce ta fara gina su. An keɓe dajin Yankari da ke Jihar Bauchi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar a 2006. Masaukinsa yana kusa da maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki.

A Kano, gwamnan jihar na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya haɗa aikin madatsun ruwa da yawon buɗe ido. A zamaninsa aka gina madatsar Tiga da ta Bagauda, da otal ɗin bakin tafkin Bagauda, da gidan namun daji na birnin Kano wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. An raɗa wa Bagauda sunan sarkin Kano na farko ne. Otal ɗin ya yi tashe a matsayin wurin hutu da taruka, amma daga baya ya daina wannan aiki, kuma a yau Bagauda ta fi shahara da reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Gidan namun dajin kuwa, da yake a tsakiyar jama'a yake, har yanzu yana cika maƙil a ranakun Sallah. Wannan bambanci yana nuna muhimmancin kusanci da masu ziyara: wurin da ke cikin gari yana rayuwa da kuɗin ƙofa kaɗan-kaɗan daga mutane masu yawa, shi kuwa na bayan gari dole ne ya ba mutum dalilin yin tafiya da kwana.

A Jihar Kaduna akwai filin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, wanda aka fi sani da Gamji, a bakin Kogin Kaduna, inda aka ajiye tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Akwai kuma wurare masu zaman kansu, kamar filin folo da masauki na Fifth Chukker da ke kusa da Maraban Jos, da ginin Kajuru da wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980.

Abubuwan da ake koyo

Hanyoyin samun kuɗi

Kuɗin ƙofa kashi ɗaya ne kawai na cinikin wurin shaƙatawa. Sauran suna fitowa daga abinci da abin sha, hayar rumfuna ga 'yan kasuwa, kuɗin ajiye mota, ɗaukar hoto, hayar zauren biki da taro, da tallace-tallacen kamfanoni. Saboda haka manaja ba ya tsayawa kan yawan waɗanda suka shigo, yana duba matsakaicin abin da kowane mutum ya kashe kafin ya fita.

Akwai manyan tsare-tsaren farashi guda biyu. A na farko, kuɗin ƙofa kaɗan ne, amma kowane abin hawa da nasa tikitin. A na biyu, mutum yana biya sau ɗaya ya hau duk abin da yake so. Disneyland ta fara da na farko, ta koma na biyu gaba ɗaya a 1982. A Arewacin Najeriya tsarin farko ya fi yawa, domin magidanci mai 'ya'ya da yawa ya fi son ya shigar da kowa da araha, sannan ya zaɓi abin da aljihunsa zai iya.

Ɗawainiya iri biyu

Ana raba abin da wuri ke kashewa zuwa ɗawainiya ta dindindin da ɗawainiya mai bin yawan baƙi. Ta dindindin ta haɗa da albashi, haya, inshora, biyan bashin banki, masu gadi, da abincin dabbobi idan akwai su. Mai bin yawan baƙi ita ce kamar cefanen abinci, wankin zannuwan gado, da buga tikiti.

Daga nan ake fitar da adadin baƙin da wuri ke buƙata kafin ya fara cin riba. A ƙaddara ɗawainiyar dindindin ta wani fili naira miliyan 3 ce a wata. Kowane baƙo yana kashe naira 2,000, kuma hidimarsa tana cin naira 500. Abin da ya rage daga kowane mutum naira 1,500 ne. Idan aka raba miliyan 3 da 1,500, za a ga sai mutum 2,000 sun shigo a wata kafin a mayar da abin da aka kashe. Duk wanda ya zo bayan wannan adadi riba ce, duk watan da bai kai ba kuma faɗuwa ce.

Lissafin ɗakuna

Ɗakin otal haja ce da ba ta kwana. Ɗan kasuwar hatsi zai iya ajiye buhun da bai sayar ba zuwa wata kasuwar, amma ɗakin da ya kwana babu kowa, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan. Shi ya sa ake koya wa ɗalibai ma'auni uku: kason ɗakunan da aka kama, matsakaicin kuɗin ɗaki, da abin da kowane ɗaki ya kawo idan aka haɗa har da waɗanda ba a kama ba.

Misali, masauki mai ɗaki 40 ya sami baƙi a ɗaki 16 a kan naira 20,000. An kama kashi 40 cikin 100, an sami naira 320,000, wato naira 8,000 a kan kowane ɗaki cikin 40 ɗin. Idan ya sauke farashi zuwa naira 15,000 aka kama ɗaki 26, cinikin ya zama naira 390,000, wato naira 9,750 a kan kowane ɗaki. A nan rangwamen ya yi amfani. Amma a daren da ɗakuna za su cika ko ba rangwame, sauke farashi asara ce. Sanin lokacin ɗagawa da na saukewa yana cikin manyan darussan fannin.

Layi da ƙarfin abin hawa

Kowane abin hawa yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a awa guda. Lilo mai kujera 20, wanda zagayensa ke cin minti 5 har da hawa da sauka, zai yi zagaye 12 a awa, wato mutum 240. Idan yara 1,000 suka zo cikin awa 3 na yammacin ranar Sallah, 720 ne kawai za su sami hawa. Sauran 280 za su koma gida da kuɗinsu, iyayensu kuma da ɓacin rai. Rage minti guda a lokacin hawa da sauka, ta hanyar tsara layi da karɓar tikiti tun kafin a iso bakin lilon, yana ɗaga adadin zuwa mutum 300 a awa ba tare da an sayi sabon inji ba.

Kakar ciniki

A ƙasar Hausa kasuwar wuraren shaƙatawa tana buɗewa ne a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, sai Mauludi, Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantu. Hawan Sallah a Zariya, Kano da Katsina yana jawo baƙi daga nesa, kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Da rana a watan azumi kuwa ciniki yakan tsaya cik.

Tun da shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, Sallah tana zagayawa cikin yanayi daban-daban. Wani lokaci takan faɗo a tsakiyar damina, inda ruwan yamma guda zai iya kashe cinikin ranar da aka dogara da ita. Ƙurar hunturu tana shiga injina, zafin bazara kuma yana ƙara kuɗin sanyaya ɗakuna, ko da yake yana kawo masu son iyo. Manaja yana koyon raba kuɗin 'yan kwanakin nan a kan watannin da babu ciniki, da kuma cike giɓi da ziyarar ɗaliban makarantu, bukukuwan aure, da tarukan ma'aikatu.

Gyara da kiyaye lafiya

Ana ware wani kaso na ciniki a kowace shekara domin gyara da sauya kayan da suka tsufa. Idan ba a yi haka ba, wuri yakan shiga wani irin zagaye: fenti ya koɗe, inji ya tsaya, baƙi su ragu, kuɗin gyara ya ƙara wuya, har a rufe. Yawancin injinan wasa daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar naira tana ƙara tsadar kayan gyaransu.

Kiyaye lafiya ya haɗa da duba kowane abin hawa kafin a buɗe ƙofa, rubuta abin da aka gani a littafi, ƙayyade tsawo ko shekarun mai hawa, ajiye mai ceto a bakin ruwa, tanadin agajin gaggawa, da wurin da iyaye za su nemi yaron da ya ɓace. Haɗari guda ɗaya yana iya rushe sunan da aka yi shekaru ana ginawa.

Doka da zamantakewa

Mai wuri yana yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, yana kuma biyan harajin kayan masarufi, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairu na 2020, ban da harajin jiha da na ƙaramar hukuma. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa jihohi ne ke da ikon yi wa otal-otal rajista da sa ido a kansu.

Yardar al'umma ma jari ce. A yawancin garuruwan Arewa iyali ba za su je wurin da ake zargi da baɗala ba, kuma a Kano hukumar Hisba tana sa ido kan wuraren taruwar jama'a. Masallaci, wurin alwala, banɗakunan mata daban da na maza, da tsarin lokutan iyo na daban, duk suna cikin abin da ake tsarawa tun kafin a aza tubali. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fina-finai a Jihar Kano bayan adawar malamai da jama'a, abin da ke nuna cewa samun kuɗi da fili bai isa ba idan ba a tuntuɓi mutanen wurin ba.

Darasi daga manyan ayyuka

Malaman fannin sukan kawo labarin Euro Disney, wanda aka buɗe kusa da birnin Faris a 1992. Jama'a sun zo da yawa, amma ba su kwana a otal-otal ɗinsa ba yadda aka yi hasashe, bashi kuma ya yi nauyi, har sai da aka sake tsarin biyansa a 1994, shekarar da aka sauya masa suna zuwa Disneyland Paris. A Najeriya akwai Tinapa da ke Kalaba, wadda aka buɗe a 2007 a matsayin cibiyar kasuwanci da hutu, amma ba ta sami cinikin da aka zata ba, bashi ya yi mata katutu. Duka biyun suna koyar da cewa hasashen yawan baƙi da abin da za su kashe shi ne ginshiƙin aikin.

Inda ake koyo

Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ita ce ke amincewa da kwasa-kwasan difloma a fannin karɓar baƙi da na yawon buɗe ido. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, sai ɗalibi ya yi shekara guda yana aiki, sannan ya dawo ya yi babbar difloma ta shekara 2. Ana shiga ta jarrabawar JAMB, tare da sakamakon sakandare. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana cikin makarantun Arewa da suka daɗe suna koyar da wannan fanni.

NIHOTOUR an kafa ta ne a ƙarshen shekarun 1980 da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da hukumomin UNDP da ILO na Majalisar Ɗinkin Duniya. Hedikwatarta tana Abuja, kuma tana ba da gajerun kwasa-kwasai ga masu neman sana'a da waɗanda ke bakin aiki.

Karatun aji kaɗai ba ya yin manaja. A ƙarƙashin shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ke kula da shi, ana tura ɗalibai otal-otal da wuraren shaƙatawa su yi watanni suna aiki. Mai koyo yakan zagaya teburin karɓar baƙi, madafa, sashen gyaran ɗakuna, sito, da ofishin akanta. Manajoji da yawa daga ƙasa suka faro, wasu daga sayar da tikiti.

Yankin Maƙarfi, Ikara da Kudan

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna arewacin Jihar Kaduna, tsakanin Zariya da Kano. Tattalin arzikinsu noma ne, musamman rake, masara da tumatir, kuma Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila. Ga matashin da ya fito daga mazaɓa irin Dandamisa ta ƙaramar hukumar Maƙarfi, wuraren karatu da na gwajin aiki mafi kusa suna Zariya, Kaduna, da Kano, kuma Bagauda da Tiga suna ƙaramar hukumar Bebeji, a gefen hanyar Zariya zuwa Kano.

A karkara irin wannan, nishaɗin biyan kuɗi yana zuwa ne da ƙaramin jari: gidan kallon ƙwallo, mai lilo da ke kafa kayansa a ranakun Sallah, filin dambe bayan girbi, da masu ba da hayar rumfa da kujeru. Ƙa'idojin da aka ambata a sama suna aiki a kansu kamar yadda suke aiki a kan babban masauki. Mai gidan kallo yana biyan kuɗin tauraron ɗan'adam da man janareta ko mutum 10 suka zo ko 100, kuma ya san daren babban wasa ne ke ɗaukar nauyin sauran ranakun mako. Kuɗi kuma ya fi yawa a hannun manoma da kaka, don haka kakar ciniki a nan tana bin amfanin gona ne tare da kalandar Sallah.

Ƙalubale

Wutar lantarki tana cikin manyan abubuwan da ke cin ribar wannan sana'a a Najeriya, domin injinan wasa, famfunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki sukan dogara da janareta. Cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara tsadar sufuri, abin da ya fi shafar wuraren da ke nesa da gari. Wasu masu wurare sun koma amfani da hasken rana don rage wannan nauyi.

Rashin tsaro a kan hanyoyi ma yana hana mutane tafiya hutu. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da zirga-zirgar jirgin na tsawon watanni. Kafin nan, annobar korona ta sa an rufe wuraren taruwar jama'a a 2020, yayin da albashi da abincin dabbobi ba su tsaya ba.

A wuraren gwamnati, kuɗin da aka tara yakan shiga asusun jiha, kuɗin gyara kuma sai an jira kasafi. Saboda haka wasu jihohi ke ba 'yan kasuwa hayar wuraren na tsawon shekaru, da sharaɗin su gyara su kuma gudanar. Nasarar irin wannan yarjejeniya ta dogara ne da bayyana wanda zai ɗauki nauyin gyara, da samun ma'aikatan da suka koyi aikin.